Zugazugin ƙarfe: tarihin sufacaja da lissafin mai sayen ta hannu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya san gawayi shi kaɗai ba ya narka ƙarfe. Sai yaron maƙeri ya kama zugazugi, iska ta ratsa garwashi, sannan ja yake komawa fari. Injin mota ma haka yake. Ƙarfinsa daga ƙonewar fetur yake fitowa, fetur kuwa ba ya ƙonewa sarai sai ya sami iskar da nauyinta ya kusa ninka nasa sau goma sha biyar. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, iskar ce ke da wuyar samu, domin injin da aka bari da ƙarfin kansa ba ya shaƙar fiye da cikin silindarsa. Sufacaja ita ce zugazugin inji: na'ura ce da injin ke juyawa da bel, ita kuma tana ɗura masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa, a ƙara masa fetur daidai da ita, ƙarfi ya ƙaru. Bambancinta da turbo shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi, ita kuwa daga karanshaf take karɓar juyi kai tsaye.

Sabuwar sufacaja tare da kayan ɗaurinta takan ci dubban daloli, shi ya sa kasuwar ta hannu ba ta taɓa mutuwa ba. Mai motar gudu yakan ga an sa wata a kasuwa da rabin kuɗi, an wanke ta tana ƙyalli, ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. Tarihin na'urar yana da abin cewa a wannan shawara, domin tun fil azal a hannu na biyu take rayuwa. Ba don mota aka ƙirƙire ta ba. Ta yi wa maƙera aiki, ta yi wa masu haƙar ma'adinai, ta yi wa sojoji, kafin ta hau kan injin tsere, kuma a kowane sauyin ubangida abu ɗaya ne ya raba wanda ya ci riba da wanda ya yi asara: ko ya san aikin da aka gina ta dominsa, ya kuma gyara ta da injinsa su dace da sabon aikin.

Na'urar da ta ƙi ruwa

A garin Connersville na jihar Indiyana ta Amurka, wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, suna da masaƙar ulu wadda ruwan magudana ke juya injinanta. A tsakiyar shekarun 1850 suka yi ƙoƙarin ƙera abin da zai fi tsohuwar ƙafar ruwa amfani: majuyai biyu na katako, kowanne da siffar lamba 8, suna juyawa cikin akwati ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu. Katako ya sha ruwa ya kumbura, na'urar ta cije. Da aka juya ta a bushe sai aka ga tana feso iska mai ƙarfi. Ana ba da labari cewa iskar ta cire wa ɗayansu hula, ko da yake irin wannan labari yakan ƙara gishiri a bakin masu ba da shi. Abin da ke rubuce shi ne sun yi wa ƙirar rajista a 1860, suka kafa kamfanin da ya ɗauki sunansu.

Kasuwarsu ta farko ita ce masu narka ƙarfe, waɗanda tanderunsu ke buƙatar iska ba yankewa. Daga nan sai ramukan ma'adinai, inda ake tura wa leburori iskar shaƙa. A 1870, da Alfred Ely Beach ya haƙa ɗan gajeren rami a ƙarƙashin titin Broadway na birnin New York don nuna jirgin ƙasa da iska ke turawa, katafaren zugazugin Roots ne ya riƙa tura taragon zuwa ƙarshen ramin, sannan a juya aikinsa ya zuƙo shi baya.

Yadda na'urar ke aiki bai sauya ba daga wancan zamani, kuma mai saye yana buƙatar fahimtarsa. Majuyan biyu suna kamo iska a cikin lungunan da ke tsakanin kunnuwansu da bangon akwati, su zagaya da ita, su zubar a ɗaya gefen. Ba sa taɓa juna, ba sa taɓa bango. Giya biyu da ke ƙarshen sandunansu ne ke riƙe musu lokaci, boris kuma ke riƙe su a tsakiya. Tsakanin ƙarfe da ƙarfe akwai rata wadda ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba. Idan ratar ta buɗe, iskar da aka tura sai ta riƙa sulalowa baya, na'urar ta yi ta juya iska ɗaya tana ƙara mata zafi. Idan ta matse, zafi ya kumbura ƙarfe, majuyai su goge juna. Darajar sufacaja duk tana cikin wannan rata, ita ce kuma abin da hoton talla ba ya nunawa.

Daga tanderu zuwa filin tsere

Tunanin ɗura wa inji iska ya zo tare da injin kansa. Gottlieb Daimler ya yi rajistar wata dabara irin wannan a Jamus a 1885, Louis Renault ya yi tasa a Faransa a 1902. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da abin dole. Iska tana sirancewa yayin da ake hawa sama, har a tsawon kusan mita 5,500 nauyinta ya koma rabi, injin jirgin sama kuma ya rasa ƙarfinsa daidai gwargwado. Injiniyoyin da suka yi fama da wannan matsala sun koma masana'antar mota bayan yaƙi da abin da suka koya.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Paul Daimler, ɗan Gottlieb. A baje kolin motoci na Berlin na 1921 kamfaninsu ya nuna Mercedes biyu masu ɗauke da zugazugin Roots, waɗanda aka sa wa suna Kompressor. Daga baya an riƙa rubuta sunayensu da lambobi uku, 6/25/40 da 10/40/65: ta farko ta haraji ce, ta biyu ƙarfin doki ba tare da sufacaja ba, ta uku ƙarfin doki idan ta kama. Ba koyaushe take aiki ba. Sai direba ya taka totur har ƙasa sannan kuloci ya haɗa ta, ta yi wata irin ƙara da ake ji daga nesa. A manyan Mercedes na ƙarshen shekarun 1920 ana gargaɗin mai mota kada ya riƙe ta fiye da daƙiƙu kaɗan. Masu ƙera ta sun san ƙarfin aro ne, kuma injin ke biyan bashin da zafi.

Italiyawa sun koyi wani darasin na dabam. A gasar Faransa ta 1923 da aka yi a Tours, motocin Fiat masu sufacaja sun fi kowa gudu, amma babu wadda ta kai ƙarshe, domin na'urar ta riƙa zuƙar ƙura da tsakuwar hanya. Suka sauya ƙirar zuwa ta Roots, a watan Satumba na shekarar kuma Carlo Salamano ya ci gasar Monza, nasara ta farko da mota mai sufacaja ta samu a babbar gasa irin wannan. Ƙura tana daga cikin manyan abokan gabar ratar da muka ambata, kuma har yau haka take.

Labarin da ya fi dacewa da mai saye shi ne na Bentley a Ingila. W. O. Bentley, mai kamfanin, yana ganin in ana son ƙarin ƙarfi sai a gina inji mafi girma, don haka bai yarda da ɗora sufacaja a kan injinsa mai lita huɗu da rabi ba. Direban tsere Tim Birkin ya ƙi jin wannan. Ya ɗauko injiniya Amherst Villiers ya ƙera masa zugazugin Roots da aka ɗaure a gaban lagireto, wata attajira mai suna Dorothy Paget ta zuba kuɗi, aka kuma ƙera motoci hamsin na sayarwa don cika sharaɗin shiga gasar Le Mans. Injin da ke ba da ƙarfin doki kusan 110 ya koma 175 a motar titi, ya kai wajen 240 a ta tsere. An ƙarfafa karanshaf da fistin, duk da haka zafin ya fi ƙarfin injin.

A Le Mans ta 1930, gasar awa ashirin da huɗu, Birkin ya yi ta fafatawa da Mercedes mai Kompressor ta Rudolf Caracciola, har ya wuce shi da tayar da ta fara saɓulewa. 'Yan kallo sun more. Amma Mercedes ta tsaya cikin dare, Bentley biyu masu sufacaja su ma injinansu suka gaza kafin lokaci ya cika. Motar da ta ci ita ce Speed Six ta Woolf Barnato da Glen Kidston, mai lita shida da rabi, wadda ba ta da sufacaja ko kaɗan. Zugazugin Villiers bai lalace ba, aikinsa ya yi. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ya kasa ɗaukar abin da aka ɗura masa.

Gwanjon yaƙi

Kasuwar sufacaja ta hannu, a yadda aka san ta yau, daga injin dizal ta samo asali. A 1938 sashen dizal na kamfanin General Motors da ke Detroit ya fito da jerin injinan da ake kira 71, saboda kowace silinda tana ɗaukar inci murabba'in cika 71, wato lita ɗaya da 'yan kai. Lambar da ke gaba tana nuna yawan silinda: 3-71, 4-71, 6-71. Injina ne masu bugu biyu, waɗanda ba sa iya shaƙar iska da kansu, don haka kowanne yana da zugazugin Roots a gefensa. Aikinsa a nan shi ne share hayaƙi daga silinda da cika ta da sabuwar iska, ba ƙara ƙarfi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya baza waɗannan injina ko'ina. Su ne a cikin ƙananan jiragen ruwan da ke sauke sojoji a gaɓar teku, su ne biyu a haɗe a cikin wani samfurin tankar Sherman, su ne a janareto da manyan motoci da bas. Da yaƙi ya ƙare gwamnatin Amurka ta yi gwanjon abin da ya rage, zugazugan suka cika filayen 'yan gwangwan. A kudancin Kalifoniya kuwa akwai samari, da yawansu tsofaffin kanikawan soja, da ke tseren tsofaffin motocin Ford a kan busassun tafkunan hamadar Mojave. Barney Navarro yana cikin na farko da suka ga abin da za a yi da wannan tarkace: a 1948 ya ɗora zugazugin 3-71 a kan injin Ford mai silinda takwas.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yawan aikin da ke tsakanin filin gwangwan da filin tsere. Injin dizal ɗin ba ya wuce juyi 2,100 a minti, injin fetur na tsere kuwa yana ninka wannan sau biyu ko uku. Ratar da aka auna don wancan aiki ba ta dace da wannan ba, sai an kwance na'urar an sake auna ta. Boris da murfin da ke riƙe su sai an sauya. Bel na yau da kullum yana zamewa, sarƙa tana tsinkewa, har aka koma bel mai haƙora. A kan dizal iska zalla ke bi ta ciki, a kan injin fetur kuwa kafireta na sama, don haka akwatin cike yake da iska haɗe da fetur, kuma in wuta ta komo baya sai ya tashi kamar bam. Dole aka ƙirƙiro bawul mai buɗewa da kansa don ya saki matsin. Injin ma sai an rage masa matsin silinda, an sa fistin masu ƙwari, an ja lokacin fulogi baya. Wanda ya ɗauko zugazugi daga gwanjo ya ɗaure shi yadda ya same shi, fistin ɗinsa ne ke narkewa.

Sana'a guda ta tsiro daga wannan aiki, ta masu karɓar tsohon 6-71 su mai da shi na tsere, daga baya kuma su ƙera sabo fil bisa tsohon zane. Motocin tsere mafiya ƙarfi a Amurka a yau, masu ƙarfin doki sama da dubu goma, suna amfani da zugazugin da ake kira 14-71, ko da yake General Motors bai taɓa ƙera inji mai wannan lamba ba. Sunan dai gado ne daga filin gwangwan. Juya zugazugin kaɗai yana cinye ƙarfin ɗaruruwan dawakai, dokar tsere kuma ta wajabta a ɗaure shi da igiyoyi na musamman don kada ya faɗa kan 'yan kallo in ya fashe.

Alkawarin da ba a cika ba

Roots ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai mai fanka, wadda ke wurga iska da ƙaramar farfela mai juyi dubu da dama a minti. Irinta ce Robert McCulloch ya sayar wa masu Ford tun 1937, irinta ce kuma a Studebaker Golden Hawk ta 1957, daga baya aka san ta da sunan Paxton. Akwai kuma mai murɗaɗɗun sanduna biyu kamar kusoshi masu zare, wadda injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya inganta a shekarun 1930. Ita tana matse iska a cikin cikinta kafin ta sake ta, don haka ba ta ɗumama ta kamar tsohon Roots. Ita ce a kan Dodge Hellcat ta 2015 mai ƙarfin doki 707. Dukkansu dai rayuwarsu a kan abu uku take: rata, boris, da mai.

A shekarun 1980 kamfanonin mota suka dawo da sufacaja cikin motar da ake sayar wa kowa, suka zo da wani sabon alkawari, wai ba ta buƙatar kulawa. Volkswagen ta tono wata ƙira ta Bafaranshe Léon Creux ta 1905, mai naɗaɗɗen bango kamar gammo yana lilo a cikin wani, ta kira ta G-Lader, ta sa ta a Polo G40 da Corrado G60 da Golf. Na'ura ce mai kyau da ƙarfi, amma a cikinta akwai siraran layukan da ke tare iska waɗanda ke cinyewa, da wani ɗan ƙaramin bel mai haƙora da ke riƙe lokaci. Tun da an ce wa masu mota babu abin dubawa, ba su duba ba. Ranar da bel ɗin ya tsinke sai naɗaɗɗen ƙarfen ya daki bango ya farfashe. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya daina ƙera ta. Waɗanda ke kwance ta lokaci lokaci suna sauya waɗannan ƙananan kaya har yau suna hawa motocinsu.

Kamfanin Eaton na Amurka ya fi sa'a. Ya ɗauki tsohon zanen Roots, ya murɗa majuyan don rage ƙara, ya shafa musu wani rufi mai laushi da ke cike ratar, ya ƙara bawul da ke barin iska ta kewaye na'urar idan ba a bukatar ƙarfi. Samfurinsa M90 ya fito a Ford Thunderbird Super Coupe ta 1989, lambar kuma tana nuna yawan iskar da yake turawa a juyi ɗaya. Daga nan na'urorin kamfanin suka shiga Buick da Pontiac da Jaguar, suka shiga Mercedes da ta farfaɗo da sunan Kompressor a tsakiyar shekarun 1990. Waɗannan na'urori suna da juriya ƙwarai, amma su ma an rufe ɗan man da ke cikin giyarsu an ce ya isa har abada. Mini Cooper S ta 2002 zuwa 2006 ta nuna iyakar wannan magana. A cikinta famfon ruwan inji daga bayan sufacaja yake karɓar juyi, ta wasu ƙananan giya da ke iyo a cikin mai kaɗan. Idan man ya tsiyaye giyar ta cinye, famfo ya tsaya, inji ya tafasa. Mai motar yakan yi zaton lagireto ne, alhali ciwon yana wurin da aka ce kada ya damu da shi.

Yawancin sufacajojin da ke kasuwar hannu a yau daga wannan zamani suka fito. Ma'anar haka ita ce da yawansu sun yi shekara ashirin ko fiye ba a taɓa buɗe murfin mansu ba.

Lissafin mai saye

Daga wannan tarihi tambayoyin da ya kamata mai saye ya yi suke fitowa, ta farko kuwa ita ce dalilin cire ta. Wadda aka cire don mai ita ya sayi babba dabam take da wadda aka ciro daga motar da ta yi karo, domin hancinta a gaba yake, shi ke fara shan duka, kuma sandar da ta lanƙwashe kaɗan ido ba ya gani. Wadda ta fito daga injin da ya fashe ta fi haɗari. Ɓarɓashin fistin yakan koma baya ya maƙale a cikin bututu da mazubin sanyaya iska, ya zauna yana jiran sabon inji.

Sannan a sa hannu. A juya fulin da bel ke hawa: ya kamata ya tafi sumul ba tare da cijewa ba. Idan fulin ya ɗan yi wasa kafin majuyai su motsa, yawanci ɗan roban da ke haɗa sandunan ne ya cinye, shi ke sa na'urorin Eaton ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan inji na tsaye, kuma gyaransa ba shi da tsada. Idan sandar tana motsi gefe da gefe, boris ne, nan kuɗi ya fara hawa. A haska tocila a ciki. Ɗan gogewar rufin majuyai abu ne da aka saba gani, amma zurfafan zane a bangon akwati yana nufin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ko ta haɗiyi wani abu, kuma ratar da ta tafi ba ta dawowa da sauƙi. A zubo man a duba. Warinsa ba hujja ba ne, domin ko mai lafiya yana da ɗoyi. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa, ko rashinsa gaba ɗaya, su ne abin tsoro. A mai fanka kuwa bakin farfela ake dubawa, domin ƙaramin ɓalli a abin da ke juyi dubu arba'in a minti ya isa ya kashe boris. A kuma auna fulin. Idan ya fi na kamfani ƙanƙanta, wanda ya riga ka ya juya ta fiye da ƙa'ida don neman ƙarin matsi, ta kuma yi rayuwarta cikin zafin da ba a tsara mata ba.

Abu na uku shi ne abin da ba ya cikin kwali. Sufacaja ba ta zama ita kaɗai: tana da ƙarafan ɗauri na wannan samfurin inji takamaimai, da bututu, da bel, da mazubin sanyaya iska da famfonsa, da nozul masu feshin fetur mafi yawa, da sabon tsarin da za a ɗora wa kwamfutar mota. Masu sayarwa sukan riƙe wasu ko su ɓatar, na'urar da ke ɗora tsarin kuma sau da yawa a kulle take da lambar motar farko. Sayen waɗannan ɗaya bayan ɗaya yakan cinye rangwamen duka. Araha ba ta ado.

Na huɗu shi ne darasin Birkin, wato injin da za a ɗora wa. Ƙarin matsi na rabin nauyin iskar duniya yana nufin, a kan takarda, ƙarin iska kashi hamsin cikin ɗari. A zahiri abin da ke isa taya bai kai haka ba, domin na'urar tana cin nata rabo daga karanshaf, iskar da aka matse kuma tana yin zafi ta sirance. Zafin nan ne ke sa fetur ya kama da kansa kafin fulogi ya ba shi wuta, abin da ke fasa fistin cikin ƙiftawar ido. Injin da zobensa ya fara gajiya, ko lagiretonsa ya toshe, ko kulocinsa ya tsufa, zai iya yin shekaru yana aikinsa lami lafiya, amma ranar da aka ɗura masa iska duk rauninsa zai fito fili. Don haka auna matsin kowace silinda ya riga zuwa kasuwa.

Wannan batu ya shafi mai mota a ƙasarmu kai tsaye, domin Mercedes masu tambarin Kompressor suna cikin motocin Beljiyam da suka cika titunanmu, kuma wanda tasa ta mutu a tarkacen Ƙofar Ruwa ko Panteka zai nemi madadi. An auna waɗannan injina ne da sanyin Turai da fetur mai jure matsi. A nan zafin bazara yana haura digiri 40, gidan mai fetur iri ɗaya yake sayarwa babu zaɓi, hazon hunturu kuma yana yi wa matatar iska abin da hanyar Tours ta yi wa Fiat. Maye gurbin wadda ta mutu da irinta sak abu ne mai ma'ana, in an duba ta an sauya mata mai. Rage girman fuli ko ɗora sufacaja a kan injin da bai zo da ita ba, a wannan yanayi, yana buƙatar sanyaya iska da gyaran kwamfuta fiye da yadda zai buƙata a Jamus.

Lissafin da ya dace ke nan a yi shi da lambobi huɗu a haɗe: kuɗin na'urar, kuɗin kwance ta a sabunta boris da robobi da mai, kuɗin kayan da suka ɓace, da kuɗin shirya inji. Idan jimlar ta tsaya nesa da farashin sabuwa mai garanti, kuma bangon akwatin yana da tsabta, ciniki ya yi kyau, domin ƙarfen kansa yana iya wuce motar da ya fara hawa rai. Idan jimlar ta matso kusa, rangwamen da aka gani a talla ba komai ba ne illa ladan ɗaukar kasadar da wani ya sauke. Samarin Kalifoniya sun ci ribar gwanjon 1940 da wani abu ne saboda sun ɗauki abin da suka saya a matsayin ɗanyen kaya: suka kwance shi, suka auna ratar, suka gyara injin da zai karɓe shi, sannan suka ɗaura bel.